Kada Mu Cinye Irin Dankali

'Yan'uwana mata, a Ingila sukan tone saiwar furen daliya su ɓoye har sanyi ya wuce. In fure ya sami wannan gata, ina ga abinci? Nan Birnin Kebbi da Argungu rani ke ƙone yaɗon dankali, damina ta faɗi a shiga neman iri da tsada.

To, ran haƙa ki ware ƙanana marasa rauni, ki binne cikin busasshen yashi a ɗaki mai sanyi. Duk wata ki fid da ruɓaɓɓe. Saura mako 6 ruwan Yuni ya sauka, ki shuka a bayan ɗaki kina ban ruwa, za ki sami yaɗon dasawa. 'Yan makaranta, ku gwada a lambunku. Wadda ta cinye iri, ai baɗi ta cinye.