Kamara ido ce, manhaja ce shaida

Ƴan uwa manoma, yau shugaban ƙungiya na iya zama a unguwar Filato ta Yamai, yana kallon magazar hatsin ƙauye ta wayarsa. Madalla! Amma kamara gani kawai take yi. Manhaja, wato tsarin da ke adana hoton, ita ce shaidarku gaban alƙali.

Ku zaɓi wadda ke ajiye hoto cikin na'ura, nan magaza, ko rezo ya ɗauke. Ku haɗa mata batir da sola: a watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke mana wuta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 daga can take zuwa. Ku nemi alamar ONVIF, don kamarorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare.

Ɓarawon gero ba ya jiran rezo ya dawo.