Doka ta buɗe ƙofa, matakala ta tare hanya

Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan babban taron ƙasa, hukumomin Nijar suka kafa doka mai lamba 93-012 domin kare haƙƙin naƙasassu. Daga cikin abin da ta tanada har da cewa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye da haka, ya keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wato kujera ɗaya cikin kowace ashirin. An yi wa dokar gyara a 2010, aka kuma kafa wata sabuwa a watan Disamba na 2019. A tsakani, a 2008, ƙasa ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda sashenta na 9 ya wajabta a sauƙaƙa wa naƙasassu shiga gine-gine, hanyoyi da wuraren aiki.

Ta fuskar takarda dai ba a bar komi ba. Sai dai takarda ba ta ɗaga keken gurgu bisa matakala.

Duk wanda ya taɓa zama bakin wani biro da hantsi, a Yamai ne ko a Tawa, ya san yadda abin yake. Mutum ya tuƙo kekensa da hannu cikin rairayi, ya iso da zufa, yana neman takardar haihuwar ɗansa. Tsakaninsa da ƙofa matakala uku. Ko dai ya sauka ya ja jiki a gaban jama'a, ko ya jira masu tausayi su ɗauke shi cak, ko ya miƙa takardunsa ga wani yaron da bai sani ba. Ya zo neman haƙƙinsa, kafin ya kai ƙofa gini ya mai da shi mai roƙo. Wannan baƙo ne na wuni ɗaya. To, ina ga ma'aikacin da dokar 1993 ta ba kujera a wannan gida, wanda zai fuskanci matakalar nan safe da marece, ga ƙofar makewayi da kekensa ba ya shiga?

Gaskiya ne ba don mugunta ake ɗaga gini ba. Ruwan damina ne ya koya wa magina haka, kuma wanda ruwa ya taɓa shiga kantinsa ya jiƙa masa buhunan sukari ba zai yarda a yi masa gini daidai da ƙasa ba. Ɗaga gini ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɗaga shi, a manta da gangara.

Ita kuwa gangara tana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne: kowane santimita ɗaya na tsayi, a ba shi aƙalla santimita 12 na tsawo. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun kai santimita 45 ke nan, saboda haka gangarar da za ta maye gurbinsu sai ta kusa mita biyar da rabi. Abin da ake gani a wurare da dama shi ne ɗan kwangila ya zuba siminti mita guda a gefen matakala, ya goge shi sumul, ya ce an cika sharaɗi. Irin wannan ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango, balle mai keke. Kuɗi sun tafi, amfani babu. Inda aka dace da mai kyau kuma, sau da yawa a kanta ma'aikata ke jera baburansu, don nan ne da inuwa.

Masu cewa abin da tsada, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya amsa musu: idan tun a zanen gini aka yi tanadi, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Tsadar tana zuwa ne idan an gama gini sannan aka dawo ana fasa bango don faɗaɗa ƙofa zuwa santimita 90.

Akwai ma gyaran da ba ya cin ko dala. Shugaban ma'aikata na iya sauko da biron da jama'a suka fi buƙata daga bene zuwa ƙasa. Ana iya kwashe kwalaye da tsofaffin kujerun da makaho ke tuntuɓe da su a hanya. Mai kiran sunaye a gishe na iya ɗaga suna a rubuce, kada kurma ya wuni zaune layinsa ya wuce shi.

Ƴan kasuwa kuwa, a Maradi ko Damagaram, lissafin ya fi sauƙi a gare su. Falanki ɗaya siriri da aka gitta bisa magudanar ruwa a bakin kanti ba gurgu kaɗai yake kora ba: yana korar tsohuwa, da mai juna biyu, da mai goyo. Gangarar da keken naƙasasshe zai hau, ita ce ɗan dako zai tura kurar kaya a kanta maimakon ya yi ta dako buhu-buhu. Shi kansa Alhaji mai kanti, ranar da gwiwa ta fara gardama, ta nan zai bi.

Wuƙa da nama suna hannun mutum biyu: wanda ke sa hannu a izinin gini a ma'aikatar magajin gari, da wanda ke karɓar aiki daga hannun ɗan kwangilar gwamnati. Na farko yana iya mayar da duk zanen da babu gangara a ciki. Na biyu kuma, kafin ya sa hannu a biya kuɗi, ba abin da ya hana shi gayyato wakilin haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ya hau da kekensa shi kaɗai, ba mai tura shi, ya shiga biro, ya leƙa makewayi, ya fito.