YARON DA YA FI UBANGIDANSA SUNA

Jama'a, akwai wata magana da ake yawan yi a kan mawaƙin da ya bar ƙungiyar da ta rene shi, ya tafi ya tsaya da ƙafarsa, har sunansa ya rufe nata. Mutane sukan ce butulci ya yi. Mu dai a ganinmu wannan hukunci ya yi tsanani. Ga misali daga ƙasar Mali, domin mai hankali ya auna da kansa.

A shekara ta 1970 hukumar jirgin ƙasa ta Mali ta kafa wata ƙungiyar makaɗa da ake kira Rail Band, domin su riƙa yi wa baƙi wasa a otel ɗin tashar Bamako. Shugabansu, Tidiani Kone, shi ya ɗauko wani saurayi mai suna Salif Keita ya sa shi gaban waƙa. Shi Salif jinin sarauta ne, a al'adar Malinke kuwa waƙa sana'ar maroƙa ce, saboda haka danginsa ba su so ba. Ƙungiyar nan ita ta zame masa gida. A 1971 kuma wani ɗan gidan roƙo daga ƙasar Gini, Mory Kante, ya shigo cikinsu yana kaɗa balafon, watau wani abin kiɗa na itace da ake bugawa da 'yan sanduna.

To, ba a sarki biyu zamani ɗaya. A 1973 Salif ya koma wata ƙungiya mai suna Les Ambassadeurs, Mory ya gaji wurinsa. Bayan wasu shekaru dukansu biyu suka bi ta Abijan, suka sauka birnin Faris na ƙasar Faransa, kowa yana cin gashin kansa. A 1987 Salif ya fitar da faifansa Soro, wanda ya kai sunansa Turai da Amurka. A shekarar nan kuma Mory ya fitar da waƙarsa Yeke Yeke, aka sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Rail Band ba ta taɓa samun irin wannan kasuwa ba, ko da ya ke Djelimady Tounkara, gwanin jita, ya riƙe ta shekaru masu yawa bayansu.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan al'amari. Yaron da ya daɗe a shago, ya san farashi, ya san abokan ciniki, kadan lokaci ya yi sai a yaye shi a ba shi jari. In ya zo ya fi ubangidansa arziki, ubangida mai hankali murna yake yi, gama shukarsa ce ta yi yabanya. Haka malami ba ya baƙin ciki don almajirinsa ya buɗe tasa makaranta ta cika.

Amma fa masu zargi suna da tasu gaskiya. Ran da mai murya ya tafi, shi ake bi, makaɗan da suka yi shekaru suna gyara masa kiɗa sai a manta da su, alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan butulci yake shiga, in mutum ya ɗaukaka ya yi kamar daga sama ya faɗo. Salif dai ya waiwayi baya. A faifansa Moffou na 2002 ya kira tsohon abokinsa na Ambassadeurs, Kante Manfila, ya kaɗa masa jita, a 2014 kuma ya sake tara waɗansu daga cikin tsofaffin abokan aikinsa suka yi wasa da sunan ƙungiyarsu ta dā.

Saboda haka kada a tsine wa wanda ya tafi neman gaba, sai dai a duba yadda ya riƙe waɗanda ya baro. Mu masu sauraro kuma akwai namu hakki. Kadan mun ji faifai ya yi daɗi, mu tambaya wane ne ya kaɗa, kuma a gidan wa mai waƙar ya koya. Wassalam.