Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ko Kujerar Kansila, Ko Aikin Gwamnati

'Yan uwa maza da mata, mazauna Jalingo da kewaye.

Muna son mu ja hankalin jama'armu a kan wata magana da kan taso duk lokacin da kakar zaɓen ƙananan hukumomi ta kama, wato maganar ma'aikacin gwamnati da ke neman kujerar kansila ko ta ciyaman, alhali bai yi niyyar sakin aikinsa ba. Matsayinmu a fili yake: wanda ke son ƙuri'armu, to ya ajiye aikin gwamnati tukuna, ajiyewa ta gaskiya, ba ta ganin ido ba. Kuma wannan magana ta fi hawa kan 'ya'yanmu kafin kowa.

Me ya sa abin ya dame mu? Jadawali na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu, da rajistar haihuwa da aure, da lasisin amalanke da baro, da sa hannu a ilimin firamare. Jama'a, ai wannan ita ce rayuwarmu gaba ɗaya. Mu ne 'yan tireda, mu ne mahauta, mu ne direbobi. Sannan daga ƙaramar hukuma ake karɓar takardar shaidar asali, wadda ake tambayar yaranmu wajen neman makaranta ko shiga aikin soja da ɗan sanda. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2006 ya nuna yadda rashin wannan takarda ke toshe wa waɗanda ake kira baƙi hanya a Nijeriya, ko da a garin aka haifi kakanninsu.

To, aikin kansila shi ne ya sa ido a kan waɗannan ofisoshi, ya duba kasafin kuɗi, ya tambayi inda haraji ya shiga. A ɗauka mai karɓar harajin kasuwa ne ya zama kansila, amma sunansa na nan cikin jerin masu albashi. Ranar da aka ƙwace wa wani rumfa ba bisa ƙa'ida ba, wa zai kai wa kuka? Zai tarar da wanda ya yanka rasit da safe shi ne ke zaune a majalisa da rana. An ba kura ajiyar nama ke nan. Haka kuma malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ya san wa'adi na ƙarewa zai koma ƙarƙashin maigidansa, da wane baki zai tuhumi wannan maigida? Wanda ke da dangi a ofis yana iya bi ta bayan gida a share masa hawaye. Mu da ba mu da kowa a ciki, doka ce gatanmu bayan Allah.

Ita kuwa doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 66 da na 107 sun ce ma'aikacin gwamnati ba zai tsaya takarar majalisar tarayya ko ta jiha ba sai ya bar aiki kwana 30 kafin zaɓe. Zaɓen ƙananan hukumomi dokar jiha ce ke tsara shi, hukumar zaɓe ta jiha, wato TSIEC a nan Taraba, ke gudanarwa. Amma Dokar Ɗa'ar Ma'aikata da ke Jadawali na 5 ta haɗa har da ciyaman, kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ta hana jami'i ya sa kansa inda muradinsa zai ci karo da aikinsa, ta kuma hana cin albashin ofis biyu a lokaci guda. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na da ikon tsige wanda ya saɓa, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10.

Wasu za su ce: ai masu iliminmu duk ma'aikata ne, kuma wa zai yar da fansho saboda kujerar 'yan shekaru? Mun ji, kuma ba mu raina wannan hujja ba. Ba mu ce ma'aikaci ya fita harkar siyasa ba, domin Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da 'yancin shiga jam'iyya tun 2003, a shari'ar hukumar INEC da Alhaji Balarabe Musa. Amma katin jam'iyya daban, kujerar mulki daban. Wanda ya ɗauki hutu ba albashi ya ce ya ajiye aiki, ƙafarsa ɗaya tana waje ne, zuciyarsa na ofis. Muna da 'yan fansho, da 'yan kasuwa, da matasa masu digiri da ke zaune ba aiki. Wakilai ba su ƙare ba.

Haka nan ba mu yarda da ɗabi'ar da aka sha gani a jihohi da dama ba, ta miƙa ƙaramar hukuma ga babban ma'aikaci ko kwamitin riƙo idan wa'adi ya cika. Sashe na 7 zaɓaɓɓu ya sani, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya jaddada haka.

Saboda haka muna kira ga kowane magidanci, daga Barade zuwa Sintali, daga Turaki zuwa Majidaɗi: duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, ka tambaye shi cikin mutunci ko ma'aikaci ne. In ya ce ya ajiye, ya nuna takardar ajiye aiki mai kwanan wata da hatimin karɓa. In an ga mai cin albashi biyu, a kawo wa shugabannin ƙungiya hujja, a rubuta ƙorafi zuwa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ba zagi, ba tashin hankali. Kada kuma mu rufa wa namu asiri don namu ne, domin idan muka kau da kai yau, gobe ba mu da bakin magana a kan na wani.

Allah Ya ba mu shugabanni adalai, Ya zaunar da Jihar Taraba lafiya, amin.