Uwargida, A Disambar Bana Ki Je Ki Ga Abeokuta



Ga watan Disamba ya doso kai, kuma kowace uwargida ta san abin da wannan wata yake zuwa da shi. Makarantu za su rufe yara su cika gida, ma'aikata za su ɗauki hutun ƙarshen shekara, katunan biki kuwa su yi ta shigowa, kowanne da ankonsa da gudummawarsa. Maigida ya huta, yara su huta, baƙi ma su zo su huta, amma ita mai tukunya aikinta ninkuwa yake yi. Kafin ta ankara Janairu ta kama, ga gajiya, ga bashin anko, ga atamfofi jibge a akwati waɗanda sau ɗaya aka ɗaura su.

To, abin da wannan fili yake kiranki gare shi a yau shi ne ki ware kwana uku cikin wannan wata, watau daga Jumma'a zuwa Lahadi, ki ɗauki 'yarki, ku je ku ga wani tsohon gari na Kudancin ƙasar nan. Garin da muka zaɓa muku kuwa shi ne Abeokuta, babban birnin Jihar Ogun tun da aka ƙirƙiro jihar a 1976.

Wata za ta ce, me ya kai mu Kudu? Dalili shi ne, da yawa daga cikinmu sun san kasuwannin Dubai da na Alƙahira, amma ba su taɓa haye gadar Jebba ba. Abin da muka sani game da Yarbawa, in ban da maƙwabciya ɗaya ko biyu, duk ji ne a bakin mutane, kuma irin wannan jin ne muke gadar wa 'ya'yanmu. Yarinyar da ta tashi a haka, ran da aka tura ta bautar ƙasa Jihar Ogun ko Oyo sai gida ya rikice da kuka kamar an yi mutuwa, a shiga bin ofisoshi ana neman a canza mata wuri. Alhali kuwa da ta taɓa zuwa tare da uwarta, ta ci abincinsu, ta yi ciniki a kasuwarsu, da ba ta ji wannan tsoro ba. Gani ya kori ji.

Abeokuta gari ne da mace za ta shiga ta ga aikin 'yan'uwanta mata ko'ina ta juya. Egbawa ne suka kafa shi wajen 1830, ƙarƙashin jagorancin Sodeke, sa'ad da yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka tarwatsa garuruwansu. Suka fake a kogunan wani babban dutse da ake kira Olumo, daga nan garin ya samo sunansa, domin ma'anar Abeokuta ita ce ƙarƙashin dutse. Sau biyu mayaƙan Dahomey suka kawo wa garin hari, a 1851 da 1864, duka biyun aka kore su. A nan ne kuma aka fara buga jarida a ƙasar nan, watau Iwe Irohin, cikin harshen Yarbanci, a 1859, shekara 80 cif kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Amma babban abin da ya sa muke so ki kai 'yarki can shi ne labarin matan kasuwar garin. A zamanin mulkin Turawa an ɗora wa matan Abeokuta haraji na kansu, dabam da na mazajensu, kuma masu karɓa suna wulaƙanta su wajen karɓar. Wata malamar makaranta, Funmilayo Ransome-Kuti, ta haɗa kan mata 'yan boko da mata 'yan kasuwa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suka kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta a 1946. A ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba na 1947 dubban mata suka taru a ƙofar fadar Alake, sarkin Egba, suka kwana a can suna waƙe-waƙe, suka ƙi tashi. Ba su fasa ba har aka soke harajin mata, aka ba mata kujeru a majalisar garin, shi kuma Alake Ademola ya sauka daga sarauta a watan Janairu na 1949, ko da yake daga baya an mai da shi.

Kada ki ce wannan labarin wasu ne. Marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shugabanci matan jam'iyyar NEPU ta kuma sha ɗauri saboda haƙƙin matan Arewa, ta taka har Abeokuta don ta gana da Funmilayo ta ji yadda suka yi. Mu matan Arewa ba mu jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979, shekara ɗaya bayan rasuwar Funmilayo. Ashe ke nan hanyar da muke cewa ki bi, wata uwarmu ta riga ta bi ta, a zamanin da tafiyar ta fi ta yau wuya nesa ba kusa ba.

Yanzu sai mu zo ga shiri, domin tun ran gini ran zane. Abu na farko shi ne zaɓen rana. Ki nemi ƙarshen mako na farko ko na biyu a watan, ko kuma wanda ya zo daidai da rufe makarantu. Kada ki bari a shiga makon Kirsimeti, domin a lokacin ne mutanen Kudu suke komawa garuruwansu, kuɗin mota da na jirgi da na masauki duk su tashi, hanyoyin Legas kuma su cushe.

Abu na biyu shi ne hanya, kuma a nan za mu faɗa miki gaskiya. Daga Kano zuwa Abeokuta a mota tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, saboda haka wadda za ta bi ƙasa ba ta da zancen kwana uku, sai ta ware biyar, ta kuma yi tafiyarta da rana, ta yada zango a Ilori ko Badun maimakon bin motar dare. Wadda ta sami halin jirgin sama zuwa Legas, ta tashi da safiyar Jumma'a, kuma ta tuna cewa hazon hunturu yakan sa a jinkirta tashin jirage ko a soke shi a filayen Arewa, don haka kada ta sa ranar komowa dab da wata muhimmiyar hidima. Daga Legas zuwa Abeokuta kimanin kilomita 100 ne. Tun 2021 akwai sabon jirgin ƙasa da yake tashi daga Ebute Metta zuwa Badun, yana tsayawa a Abeokuta a tashar da aka sa wa sunan Wole Soyinka, kuma tafiyar ba ta kai awa biyu. A sayi tikiti da wuri, a kuma tabbatar da lokacin tashi kafin a bar gida. Ku kuwa 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Sabon Shagamu, ba ku da wani uzuri, domin a bayan gidanku garin yake.

Abu na uku shi ne masauki. Abeokuta tana da unguwar Sabo ta Hausawa kamar sauran manyan garuruwan Yarbawa, kuma da wuya a rasa wanda ya san wani a can. In za ki sauka wurin 'yan'uwa, ki aika tun da wuri, ki kuma riƙa musu tsaraba, ko kilishi ko kuka ko daddawa, kada ki je musu hannu rabbana. In kuwa otal za ku kama, a kama shi tun daga gida, a tambayi ruwa da wuta da nisansa da tsakiyar gari.

Ranar Asabar ita ce ranar yawo. Ku fara da dutsen Olumo da sanyin safiya kafin rana ta yi zafi. Ana hawansa ta matakala, kuma ko da yake an sa masa na'urar hawa a gyaran da aka yi a 2006, kada mai ciwon gwiwa ta dogara da ita sai ta tambaya ko tana aiki. A sa takalmi maras tsini, a riƙe ruwan sha. Masu rakiya za su nuna muku kogunan da mutane suka ɓuya, da ramukan da mata suka riƙa niƙa kayan miya a jikin dutsen a kwanakin yaƙi. Akwai wurin bautar gargajiya a jikin dutsen da tsofaffin matan da suke kula da shi. Ba dole ba ne ki shiga harkarsu, ki gaishe su ki wuce, kuma kada yara su yi musu dariya ko su ɗauki hotonsu ba da izini ba. Daga ƙwanƙolin dutsen za ku hango kogin Ogun da jajayen rufin kwano na tsohon gari, da tsohon masallacin Jumma'a da tsofaffin majami'u, duk a fili ɗaya.

Kuna saukowa sai kasuwar Itoku, wadda take kusa da gindin dutsen, cibiyar rinin adire. Mu da muka san marinar Ƙofar Mata ta Kano ba baƙin shuni ba ne, sai dai a wurinmu maza ne suke rini, a Abeokuta kuwa sana'ar mata ce, uwa tana koya wa 'ya. Akwai adiren da ake ɗaurewa da zare ko kaba kafin a tsoma, akwai wanda ake ɗinkewa da allura, akwai kuma wanda ake zana masa ado da kunun rogo don kada rini ya kama wurin. Ki yi hattara, domin kasuwa ta cika da na inji da ake shigowa da shi daga waje, mai araha, wanda yake neman kashe sana'ar matan nan. Ki juya bayan zanen ki duba, ki kuma jera biyu ki gani, na hannu ba ya taɓa zama iri ɗaya sak. In kin kawo shi gida ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa.

Da yamma ku biya ta Ake ku ga fadar Alake, ki nuna wa 'yarki filin da matan nan suka kwana, da babban zauren taro na Centenary da aka gina a 1930 don cikar garin shekara 100. In lokaci ya ragu, akwai gidan iyalin Kuti da aka mai da gidan tarihi, akwai kuma ɗakin karatu na tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo da aka buɗe a 2017, wanda za a iya bari sai safiyar Lahadi kafin a kama hanya. Ku ɗanɗana shinkafar ofada, amma a yi wa yara hankali da miyarta, don yajinta ba na wasa ba ne. Ki kuma koya wa 'yarki kalmomi uku kafin ku tashi: "E kaaro" ita ce ina kwana, "E se" na gode, "Elo ni" kuwa nawa ne. Yarbawa mutane ne masu girmama gaisuwa, yarinyar da ta ɗan rusuna ta gai da tsohuwa da harshenta ta gama cinikin rabin kasuwa.

Mun san abin da za a ce. Za a ce zamani ya yi tsanani, ana fama da abin sawa a tukunya, wa yake zancen yawon buɗe ido? Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin makarantar yara ba. Amma ki zauna da takarda da biro, ki lissafa abin da kika kashe a Disambar bara a kan anko da ɗinki da lalle da liƙi, sa'an nan ki tambayi kanki me ya rage miki a ciki. Wadda ta ga ba za ta iya a bana ba, ta buɗe asusu ko ta shiga adashe da ƙawaye huɗu ko biyar don baɗi. Tafiyar ƙungiya ta fi sauƙi, ana raba kuɗin mota da na ɗaki, kuma hankalin mazaje ya fi kwanciya.

Za a kuma ce, wa zai riƙe gida? Gidan da ba ya iya kwana uku ba tare da uwargida ba, to akwai gyara a cikinsa, kuma gara a gane haka tana hutu da a gane tana kwance a asibiti. Ki shawarci maigida tun yanzu cikin ladabi da lalama, kada ki bari sai ana gobe tafiya. In zai raka ku, ya fi kyau, in kuma ba hali, ɗanki babba ko ƙanenki ya bi ku. Ku kuwa iyayengiji masu leƙa wannan fili, mun san kuna leƙawa, muna roƙonku ku dubi matar da ta shekara tana tashi kafin kowa tana kwanciya bayan kowa, ku ce mata a dawo lafiya.

Atamfar anko za ta koɗe cikin shekara biyu. Amma yarinyar da ta tsaya a ƙofar fadar Alake, uwarta ta ba ta labarin abin da matan kasuwa suka yi a wurin a Disambar 1947, da yadda Gambo Sawaba ta zo daga Zariya don ta ji daga bakinsu, ba za ta manta ba har ta ba nata 'ya'yan. Wadda ta je ta dawo, ta rubuto mana abin da ta gani don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mako mai zuwa.