Shaidar da Ɓarawo Ya Rubuta

A ranar 20 ga Fabrairun 2016, masu kutse suka shiga shafin Linux Mint, suka karkatar da masu sauke manhajar zuwa gurɓataccen kwafi mai ɓoyayyiyar ƙofa. Har lambar tantancewa da ke shafin suka sauya. Wanda ya gwada fayil ɗinsa a ranar ya ga lambobi sun dace, ya kwana da ɓarawo a ɗaka.

Lambar tantancewa, irin su SHA-256, tana tabbatar da cewa fayil bai lalace a hanya ba, amma ba ta faɗin wanda ya haɗa shi. Idan ita da fayil ɗin daga wuri guda suka fito, an ba kura ajiyar nama ke nan.

A ganina, sa hannun dijital shi ne shaidar da ta cancanci dogaro, domin mabuɗinsa na sirri ba a shafin yake ba. Mai Windows ya duba sunan mawallafi kafin ya amince. Mai Linux ya tantance da GPG, ya kuma samo mabuɗin gwaji daga wata kafa dabam. Ko wannan ba ma'asumi ba ne: gurɓataccen CCleaner na 2017 da ingantaccen sa hannu ya fito. Duk da haka, kulle da kan gaza wani lokaci ya fi ƙofa a buɗe.