Goshin Sanyi a Tsibiran Hawai: Igiyar da ke Riga Hadari Isowa

Yau zan ɗauke ku daga ƙurar hunturu zuwa tsakiyar tekun Pasifik, inda tsibiran Hawai suke, jiha ta 50 a Amurka tun shekarar 1959, kimanin kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya. Na daɗe da ɗabi'ar karanta sanarwar yanayi da ofishin hukumar hasashen yanayi ta Amurka da ke Honolulu yake fitarwa a watannin sanyi, duk da ban iya iyo ba, balle in hau allo in yi zamiya a kan igiyar ruwa. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake faɗa wa mutane abin da ke tafe, da kuma yadda su mutanen suke karɓarsa.

Bari mu fara da abin da na kira goshin sanyi. Kamar yadda muke cewa goshin damina ko goshin azahar, haka ita ma iska mai sanyi take da goshi, wato iyakar da take tunkuɗo iska mai ɗumi da ke gabanta. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka takan kutsa ta ƙarƙashi ta cilla mai ɗumin sama. Idan mai ɗumin ta hau sama sai ta huce, laimar da ke cikinta ta zama girgije, girgijen ya zama ruwa. Shi ya sa goshin sanyi yake zuwa da jerin hadari mai tsawo kamar sahu.

A mafi yawan shekara, iskar da ke kaɗawa a Hawai daga arewa maso gabas take fitowa, mai daɗi, ba ta cika canzawa ba. Amma daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin da manyan guguwa ke ratsa arewacin Pasifik, wutsiyarsu takan sauko ta shafi tsibiran. Alamar farko ita ce iskar da aka saba da ita ta lafa, sannan ta juya ta riƙa zuwa daga kudu ko kudu maso yamma, wadda 'yan ƙasar ke kira iskar Kona. A irin ranakun nan hayaƙin dutse mai aman wuta na Kilauea kan bi iska ya lulluɓe har birnin Honolulu, gari ya yi dishi-dishi kamar hazonmu. Daga nan hadari ya iso daga arewa maso yamma: tsibirin Kauai ne ke fara sha, sai Oahu, sai Maui, kuma sau da yawa kafin ya kai babban tsibirin da ke can kudu maso gabas ƙarfinsa ya ragu. Bayan ya wuce, iska ta juya daga arewa, sama ta washe, dare ya yi sanyi. Sanyin nasu dai mutumin Jos zai yi masa dariya, domin da ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20 sai a fara neman bargo, ko da yake ƙanƙara kan sauka a ƙololuwar dutsen Mauna Kea mai tsayin sama da mita 4,200.

Amma rabin sanarwar da ya fi muhimmanci shi ne na igiyar ruwa. Guguwar da ta haifi goshin sanyin tana can nesa, wajen Japan ko tsibiran Aleutian na Alaska, tana bugun fuskar teku kwana da kwanaki. Igiyoyin da ta tayar ba sa tsayawa tare da ita. Sukan bar ta su yi tafiyar dubban kilomitoci, kuma waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ta fi tsawo su ne suka fi gudu. Igiyar da ke da daƙiƙa 20 tsakaninta da mai bin ta tana tafiyar kusan kilomita 56 a awa ɗaya, wato za ta ci kilomita 3,000 a cikin kwana biyu da 'yan awanni. Saboda haka takan isa gaɓar arewacin Oahu alhali rana na haskawa, ba iska, ba girgije. Baƙon da ya dubi sama kaɗai zai ce yau ranar wanka ce. A nan haɗarin yake. Tsakanin jerin manyan igiyoyi akan sami mintuna da teku ke kwanciya lumui, mutum ya taka kan duwatsu don ɗaukar hoto, sai jeri na gaba ya zo ya share shi.

To ta yaya ake sanin zuwanta? Akwai na'urorin awo da aka girke suna shawagi a kan teku, wasu ɗaruruwan kilomitoci arewa maso yamma da Kauai. Suna auna tsayin igiya, da tazararta, da inda ta fito, su aika ta tauraron ɗan'adam. Da igiyar ta wuce ta ƙarƙashinsu, masana sun sami tazarar awanni su ce ga lokacin da za ta iso. Wannan ilimi yaƙi ne ya haife shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, masana biyu, Harald Sverdrup da Walter Munk, suka tsara hanyar hasashen igiya domin a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓar teku ba tare da kwalekwalensu sun kife ba, kuma an amfana da aikinsu a saukar Nomandi ta 1944. A 1963 Munk ya jagoranci binciken da ya bi sawun igiyoyi daga tekun kudancin duniya har zuwa Alaska. Abin da aka ƙirƙira don yaƙi, yau shi ke tsare ran masunci da ɗan yawon buɗe ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanarwar ba ta tsayawa a kan "za a yi igiya mai ƙarfi". Takan ambaci gaɓar da abin zai shafa, ta arewa ko ta yamma, da tsibirin, da lokacin farawa da na lafawa. Ga gaɓar arewa, idan ana sa ran igiya za ta kai ƙafa 15 sai a fitar da jan kunne. Idan za ta kai ƙafa 25, wato fiye da mita 7, sai a fitar da gargaɗi. Masu ƙananan jiragen ruwa suna da tasu sanarwar. Masu aikin ceto kuma su kafa alluna a bakin teku, wani lokaci a rufe wurin ɗungurungum. Kowa ya san abin da lamba take nufi da abin da zai yi.

Labari ɗaya ne ga kowa, amma ba ɗaya yake a kunnen kowa ba. Ga mai gida a bakin ruwa, fargabar zaizaya ce. Ga 'yan wasan zamiya kuwa, salla ce ta zo. A gaɓar Waimea akwai gasar da ake yi don tunawa da Eddie Aikau, mai aikin ceto da ya tsamo ɗaruruwan mutane daga ruwa. A watan Maris na 1978 kwalekwalen gargajiya mai suna Hokule'a ya kife da su a hanyar Tahiti, ya hau allonsa ya tafi neman agaji. An ceto sauran, shi ba a sake ganinsa ba. Ba a yin gasar sai fuskar igiya ta kai kimanin ƙafa 40, don haka shekaru kan wuce ba a yi ba. A watan Fabrairun 2016 an sanar za a yi, dubban mutane suka yi sammako, igiyar ta makara, aka soke da safiyar. Ba wanda ya jefar da ilimin hasashe saboda haka. Bayan mako biyu aka sake kira, jama'a suka sake fitowa, igiyar ta zo. A Janairun 2023 kuma wanda ya lashe gasar, Luke Shepardson, mai aikin ceto ne da ke bakin aiki a ranar.

Wannan kuskure na 2016 shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mu a nan, idan aka ce za a yi ruwa bai sauka ba, sai mu mai da masu hasashe abin ba'a, wasu ma su ce shisshigi ne cikin gaibu. Alhali karanta alama ne, irin wanda kakanninmu ke yi idan sun ga shamuwa ta dawo ko gabas ta haɗe, sai dai yanzu da ma'auni. Wanda ya auna zai iya kuskure da awanni ko da kwana, amma ya fi wanda bai duba ba.

Ba mu da igiyar Waimea, amma muna da irin darasinta. Ruwan da ke cinye gonaki a bakin kogin Binuwai sau da yawa ba a kansu ya sauka ba. Daga sama yake gangarowa, har da wanda ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin wannan bayani yake isa ga manomin fadama da mai kwalekwale cikin harshensa, da sunan garinsa, da ranar da zai kwashe kayansa? Kuma idan ya isa, mu da muka yi karatu muna taya shi gaskatawa, ko mu ne kan gaba wajen dariya?

Ɗalibanmu da ke karanta labarin ƙasa da kimiyyar yanayi, ga aiki yana jiranku: ku mai da lambobi maganar da za a fahimta a kasuwa da masallaci da gidan rediyo. Mutanen tsibiri sun koyi cewa sama mai haske ba ta zama shaidar lafiyar teku. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda za ta zo da ɓarna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.